Yadda Ake Nazarin Wasan Ces Bayan An Tashi: Jagora Ga 'Yan Wasan Ƙungiya

Tambayar da aka fi yi mini, musamman daga matasan da suka fara zuwa ƙungiyar ces, ita ce: "Malam, an cinye ni, na sa wasan a waya ta nuna mini alamomin kuskure, to daga nan sai me?" Wasu kuma ko wayar ba sa sawa. Ana gamawa sai a kwashe 'ya'ya a zuba a jaka, a ce sai wani satin, wani satin kuma a sake faɗawa ramin da aka faɗa. Ga yadda nake yi, kuma haka nake koya wa waɗanda muke zama tare. Abin da za ka riƙe tun yanzu shi ne jerin aikin: abokin karawarka da kanka su ne farko, inji, wato manhajar da ke lissafin wasan ces a waya ko kwamfuta, shi ne ƙarshe. Wanda ya fara da inji zai ga amsa, amma ba zai san inda tunaninsa ya karkace ba.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar allo da 'ya'ya na gaske. Na roba mai naɗewa ya isa, muddin yana da haruffa a zuwa h da lambobi 1 zuwa 8 a gefensa. Sai littafin rubutu guda wanda ba za ka haɗa shi da wani aiki ba, da biro biyu, shuɗi da ja. Sai waya ko kwamfuta.

Wajen manhaja ba sai ka biya ko kwabo ba. Lichess kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, ba kuɗin wata, kuma tana aiki da Stockfish, injin da yake cikin mafiya ƙarfi a duniya, shi ma kyauta. Chess.com tana ba mai asusun kyauta cikakken bita sau ɗaya a rana, ƙari kuma sai da kuɗi. Idan intanet na ba ka wahala, DroidFish a wayar Android tana ɗauke da Stockfish kuma tana aiki ba data. Abin da yake da tsada a nan lokaci ne: ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga wasa guda. Saboda haka kada ka ce za ka yi nazarin duk wasan da ka buga. Guda ɗaya a sati, na dogon lokaci, ya fi goma na sauri.

Wasan da za mu yi aiki da shi

An buga shi a ƙungiyarmu wata Asabar da yamma, tsakanin wani ɗalibin jami'a da ke riƙe da Fari da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da ke riƙe da Baƙi. Jera allonka ka bi shi sau ɗaya kafin ka ci gaba da karatu.

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Nc3 Nf6 4.Bc4 Nxe4 5.Bxf7+ Kxf7 6.Nxe4 d5 7.Neg5+ Kg8 8.d3 h6 9.Nh3 Bg4 10.O-O Be7 11.Re1 Nd4 12.c3 Nxf3+ 13.gxf3 Bxh3 14.Rxe5 Qd6 15.Re1 Qg6+ 16.Kh1 Qg2#

1. Rubuta wasan tun ana bugawa

Wasan da ba a rubuta ba ba shi da nazari. Haruffan kaɗan ne: K sarki, Q sarauniya, R ruk, B bishof, N doki, soja kuma ba shi da harafi, sunan gidan da ya je kawai ake sawa, sai in ci ya yi, a fara da harafin layin da ya taso, kamar gxf3. Alamar x ci ce, + cek, # cekmet, O-O kuma killace sarki ta gefensa. A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, a wasan dogon lokaci wajibi ne kowane ɗan wasa ya rubuta motsinsa da na abokin karawarsa. Ana ɗauke wa mutum wannan ne idan lokacinsa ya yi ƙasa da minti 5 kuma ba a ƙara masa daƙiƙa 30 ko fiye a kowane motsi. Ko wasan sada zumunci ne, ka saba wa hannunka.

Ka ƙara abu ɗaya da doka ba ta tilasta ba: lokacin da ya rage a agogo. Ka sa shi a gefe bayan kowane motsi biyar, da kuma duk inda ka daɗe kana tunani.

Hattara: idan dawakai biyu ko ruk biyu za su iya zuwa gida ɗaya, dole ka nuna wanne ne. A motsi na 7 na wasanmu, dokin e4 da dokin f3 duk suna iya zuwa g5, shi ya sa aka rubuta Neg5. Ɗalibin Ng5 kawai ya rubuta, kuma da ba mu gyara a wurin ba, da manhaja ta ƙi karɓar wasan.

2. Zauna da abokin karawarka kafin a watse

Da zarar an yi musabaha, ka ce: "Mu ɗan duba shi?" Minti goma zuwa sha biyar sun isa. Wannan ne kaɗai lokacin da za ka san abin da ke zuciyar mutumin da ya zauna gabanka, kuma babu injin da zai gaya maka shi. Tambayoyi uku nake yi: a ina ka ji ka fara samun galaba, me kake tsoro in yi, kuma wane motsi nawa ne ya ba ka mamaki.

Ɗalibin ya tambayi dattijon: "Baba, yaushe kuka ga Nd4?" Dattijon ya ce: "Wallahi ɗana, ban gan shi ba sai da ka kawo ruk e1. Sai na ga in doki ya sauka f3 zai taɓa sarki da ruk tare, shi ne ya ja idona." Riƙe wannan amsa, za mu dawo gare ta a mataki na 5.

Hattara: wannan zama ba na kare kai ba ne. Idan ka fara "ai da na ci ka, sa'a ka yi", mutumin zai rufe bakinsa, kai kuma ka tashi hannu wofi. Kuma idan 'yan kallo suka fara miƙo hannu suna motsa 'ya'ya daga kowane gefe, ka roƙe su su dakata har ku biyun ku gama. Kada kowa ya ciro waya.

3. Rubuta abin da ke ranka a ranar

Kafin ka kwanta, ka kwafe wasan a littafinka, ka bar layi biyu ko uku a ƙarƙashin kowane motsi. Da shuɗin biro ka rubuta abin da kake tunani a lokacin da kake wasan, ba abin da ka gane daga baya ba. Me kake nufi da motsin, me kake gudu, wane motsi ka duba ka bari. Har yanayinka ka sa: gajiya, yunwa, gaggawar tafiya sallar magariba, raina abokin wasa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma littafin nan kai kaɗai za ka karanta shi.

Ga abin da ɗalibin ya rubuta a wurare uku. A motsi na 5: "Na hana shi killace sarki, na ji daɗi." A motsi na 10: "Ƙa'ida ce a killace sarki da wuri, ban yi ko minti ɗaya ba." A motsi na 15: "Ruk kawai nake kallo." Waɗannan layuka uku sun fi duk abin da inji zai faɗa daga baya amfani, domin su ne suke nuna yadda kansa yake aiki.

Hattara: kada ka bari sai gobe ko jibi. Bayan kwana biyu zuciya takan gyara labarin, sai ka ga kana rubuta dalilan da ba su zo maka a kan allo ba.

4. Nemo wuraren da wasan ya juya

Washegari ka jera allo, ka zauna a gefen abokin karawarka, ba naka ba. Daga can za ka ga raunin gidanka yadda shi yake ganinsa. Ka bi wasan a hankali, ka sa alama a duk inda ɗayan waɗannan ya faru: an yi musayar 'ya'ya, tsarin sojoji ya canza, sarki ya motsa ko an buɗe gabansa, ko agogo ya nuna an daɗe ƙwarai ko an yi sauri ƙwarai. A kowace alama ka ƙirga ƙarfi: soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Daga cikin alamomin ka zaɓi uku zuwa biyar kawai.

A nan ne yawancin mutane suke yin babban kuskure, wato ɗora laifi a kan motsin ƙarshe. Ɗalibin ya zo mini da maganarsa a shirye: "Malam, motsi na 15 ne ya kashe ni. Da na ga Qg6 da ba haka ba." Na ce masa ya mayar da allo zuwa bayan 14.Rxe5 ya ƙirga. Fari yana da sarauniya, ruk biyu, bishof ɗaya da soja bakwai. Baƙi yana da sarauniya, ruk biyu, bishof biyu da soja shida. Ashe tun kafin motsi na 15 an riga an raba shi da doki sukutum a kan soja guda, layin g a buɗe, bishof na Baƙi kuma yana zaune a h3 a ƙofar sarkinsa. Motsi na 15 ya gaggauta abin ne kawai. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

Sai mu koma baya mataki-mataki muna tambaya: me ya haifi wannan? An ci dokin h3 a motsi na 13. Me ya sa aka iya cinsa? Domin mai tsaronsa ya bar wurin. Me ya kai doki h3 tun farko? An kore shi daga g5. Me ya kai shi g5? Cek ɗin motsi na 7, wanda ya biyo bayan 5.Bxf7+. Da haka muka fitar da wurare huɗu: motsi na 5, na 10 a ɓangarorin biyu, na 11, da na 15.

5. Tone kowane wuri da kanka

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya kamata ya ci rabin lokacinka. A kowane wurin da ka zaɓa, ka jera matsayin, ka ɗauke hannu daga allo, ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Idan na ba shi damar yin motsi biyu a jere, me zai yi? Wane cek da wane ci kowannenmu yake da shi a yanzu, ko da yana kama da wauta? Wane ɗa ne ba shi da mai tsaro? Wane ɗa ne aka ɗora masa aiki biyu? Bayan haka ka fitar da motsi uku da za a iya yi, ka bi kowanne zurfin motsi biyu ko uku a kai, ka rubuta, sannan ka motsa 'ya'yan ka ga ko lissafinka ya yi daidai.

Mu gwada da matsayin bayan 9...Bg4. Dokin f3 a ɗaure yake, domin in ya tashi bishof zai ci sarauniyar d1. Masu tsaronsa biyu ne, sarauniya da sojan g2. Dokin h3 kuma mai tsaronsa ɗaya ne tak, wato wannan sojan g2 ɗin dai. Soja guda yana gadin dawakai biyu, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Idan Baƙi ya sami motsi biyu a jere, zai yi Nd4 sannan Nxf3+. Sarauniya ba za ta rama ba saboda bishof, dole soja ya rama da gxf3, yana barin g2 kuwa sai Bxh3. Baƙi ya ci dawakai biyu ya ba da ɗaya.

To me Fari zai yi a motsi na 10? Akwai 10.c3, wanda yake toshe wa doki gidan d4, yana kuma buɗe wa sarauniya hanyar b3, inda za ta iya dubar layin da ya miƙe zuwa sarkin g8 tunda sojan f7 ba ya nan. Akwai 10.Nhg1, komawa gida, abin da ba shi da daɗin gani amma yana ɗauke dokin daga haɗari yana kuma ƙara wa f3 tsaro. A duka biyun Fari yana ƙasa, amma da sauran wasa. Shi kuwa 10.O-O abu biyu ya ɓata a lokaci guda: bai hana Nd4 ba, kuma ya zaunar da sarki a g1, gidan da dokin h3 yake buƙata don gudu. Motsi ne mai kyau a wasa tara cikin goma, shi ya sa hannu ya yi shi kafin kai ya duba. Irin wannan kuskure nake so ka fi farauta a wasanninka, wanda ƙa'ida ta gaskiya ta haifa a wurin da ba nata ba, domin ba ya kama da kuskure ko a lokacin yinsa ko bayan an yi.

Yanzu juya ga wanda ya ci. Dattijon ya buga 10...Be7. Fito da bishof ne, ba laifi a ido. Amma 10...Nd4 yana nan tun lokacin, kuma yana cin doki kai tsaye: 11.c3 Nxf3+ 12.gxf3 Bxh3, har da taɓa ruk ɗin f1. Da ɗalibin ya amsa Be7 da 11.c3, da damar ta wuce. Ka tuna abin da dattijon ya faɗa a mataki na 2: ruk a e1 ne ya ja idonsa. Wato ya sami motsin da ya dace, amma ba ta hanyar ganin nauyin da ke kan sojan g2 ba. Da na nuna masa, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce shi ma yana son ya kwafi matsayin. Wanda ya ci wasa yana da abin gyara kamar wanda aka ci, sai dai nasara takan lulluɓe nasa.

Shi kuma 11.Re1 laifinsa a bayyane yake idan ka riga ka gane na 10. Ɗalibin yana hangen sojan e5, yana ƙirga dokin f3 cikin masu kai hari, alhali dokin a ɗaure yake ba ya iya tashi. Ɗan da aka ɗaure da sarauniya ko sarki ba a sa shi a lissafin masu hari sai an tabbatar.

Hattara: kada ka riƙa tura 'ya'ya kana gwadawa tun kafin ka yi lissafi a kai. A wasan gaske ba ka da wannan dama, kuma abin da kake horarwa shi ne idon da zai gani ba tare da taɓawa ba. Kuma kada ka ba abokin karawarka amsa mai rauni don layinka ya yi kyau. A kowane motsi nasa ka nemo wanda ya fi cutar da kai.

6. Duba buɗin wasa, amma a taƙaice

A allon nazari na Lichess akwai rumbun buɗin wasa, a cikinsa za ka sami wasannin ƙwararru, da wasannin masu amfani da shafin, waɗanda za ka iya tacewa gwargwadon matsayinsu. Ka bi wasanka har inda ka bar hanyar da aka saba, ka tsaya nan.

Wasanmu ya fara da buɗin Dawakai Huɗu. Ƙwararru sun fi buga 4.Bb5 ko 4.d4, domin 4.Bc4 yana ba Baƙi dabarar 4...Nxe4: ya ba da doki, ya karɓe shi da d5 wanda yake taɓa bishof da doki tare. Amsar da aka sani ita ce 5.Nxe4 d5 6.Bd3 dxe4 7.Bxe4, wasa ya zama kunnen doki. Shi 5.Bxf7+ yana burge mai koyo don sarkin Baƙi ya fito fili. Amma duba abin da ya rage bayan 7...Kg8. Baƙi yana da sojoji biyu a tsakiya, d5 da e5, yana da bishof biyu, sarkinsa kuma ya koma g8 da ƙafarsa, bayan an tura soja h6 yana da h7 idan ya so buɗe wa ruk hanya. Fari ba shi da rundunar da za ta bi sarkin. Dokin da ya taso daga b1 ya yi motsi 4 cikin 9 na farko, ya ƙare a gefen allo, a can kuma aka ci shi. Bishof na c1 da ruk na a1 har aka tashi ba su motsa ba.

Hattara: ka koyi motsi ɗaya ko biyu bayan inda ka kauce, tare da dalilinsu, ka rufe rumbun. Na ga matasa suna haddace layi mai motsi 15 alhali a motsi na 10 ake cinye musu doki. Minti goma sun ishi wannan mataki.

7. Yanzu ka kunna inji

Ka shigar da motsin da hannu a allon nazari, ko ka manna rubutun wasan idan kana da shi a tsarin PGN, wato salon rubuta wasa da manhajojin ces suke karantawa. A Lichess kana iya neman a yi maka nazarin wasan gaba ɗaya a kan na'urorinsu, ya dawo da zane mai hawa da sauka da alamomi kala uku: ?! ga motsi mai ɗan rauni, ? ga kuskure, ?? ga babban kuskure. Lambar da ke gefe, idan tana da + Fari ne a gaba, idan − Baƙi ne. Ɗaya cikakke ka ɗauke shi kamar fifikon soja guda, kusan-kusan. Alamar # da lamba tana nufin cekmet cikin wannan adadin motsi.

Ga yadda ake amfani da shi. Da farko ka kwatanta wuraren da zanen ya yi tsalle da wuraren da ka zaɓa a mataki na 4. Inda kuka dace, idonka yana aiki. Inda inji ya nuna wurin da ba ka sa wa alama ba, nan ne makantarka take, ka ja layi da jan biro. Sannan ka sa injin ya nuna layi uku maimakon ɗaya, ka gwada motsin da ka rubuta da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da inji ya ƙara maka, da ja za ka rubuta shi, don in ka buɗe littafin bayan wata shida ka san naka ka san na aro.

A wasanmu zanen ya sauka a motsi na 5, ya faɗi sosai a 10.O-O, ya ɗan farfaɗo a 10...Be7, ya sake faɗuwa a 11.Re1. Duk mun riga mun gano waɗannan. Abin da ɗalibin bai gani ba shi ne 15.Bf4. Ban bar shi ya kwafa kawai ba, sai da ya faɗa da bakinsa: bishof ɗin yana tsare ruk na e5, kuma idan 15...Qg6+ ya zo, yana iya sauka g3 ya tare layin. Har yanzu Fari yana ƙasa, amma ba cekmet. Wannan ita ce ƙa'idata ga duk motsin inji: idan ba za ka iya bayyana shi da jimla ɗaya ta Hausa ba, ka buga abin da kai za ka buga a madadinsa, ka bar injin ya hukunta ka, har ka ga dalilin. Idan bayan haka ma bai fito ba, ka bar shi, ba na matakinka ba ne tukuna.

Hattara da abu uku. Bambancin 0.2 ko 0.3 tsakanin motsinka da na inji ba kuskure ba ne a wasan ƙungiya, kada ka ɓata dare a kansa. Makin daidaito da manhaja take bayarwa cikin ɗari ba ma'aunin ƙwarewa ba ne: mutum yana iya samun babban maki a wasan da aka yi ta musaya ba wahala, ya sami ƙarami a wasan da ya yi faɗa mai kyau. Na uku, injin da kake kunnawa a allon nazari a cikin wayarka yake aiki, yana zafafa ta yana shan caji, don haka ka kashe shi idan kana rubutu, musamman ranar da ba wuta. Kuma ko kusa kada waya ta fito ana cikin wasa. A gasa wannan kaɗai ya isa a ba abokin karawarka wasan.

8. Idan wasan ya kai ƙarshe mai 'ya'ya kaɗan

Namu bai kai ba, amma naka zai kai. Duk matsayin da 'ya'ya 7 ko ƙasa suka rage a allo, har da sarakuna biyu, kwamfuta ta riga ta warware shi ƙarshen warwarewa, kuma Lichess tana nuna sakamakon: ci, faɗuwa ko canjaras. Ka nemo motsin da ya sauya sakamakon daga ɗaya zuwa wani, sannan ka buga matsayin da inji har sai ka iya kai shi gaci sau uku a jere.

9. Sa wa kuskuren suna, ka mayar da shi atisaye

A ƙasan shafin ka rubuta abu biyu, in ya yi yawa uku. Kada ka rubuta "in riƙa kula", wannan ba ya gyara komai. Ka rubuta abin da hannu zai iya aikatawa. Na ɗalibin ga su: "Kafin in killace sarki, in tambayi me motsinsa na ƙarshe yake nufi" da "Duk lokacin da aka ɗaure dokin f3, in duba aikin da ke kan g2." Na dattijon guda ɗaya ne: "Idan na ɗaure ɗa, in nemi ƙara masa hari kafin in fito da wani."

A shafin ƙarshe na littafin ka ja layuka, kowane layi da irin kuskurensa: barin ɗa ba tsaro, rashin ganin barazana, kuskuren lissafi, buɗin wasa, tsaron sarki, ƙarshen wasa, agogo. Bayan kowane nazari ka sa ɗigo a inda ya dace. Wasa ɗaya ba ya nuna hali, amma idan ka kai goma za ka ga layi ɗaya ko biyu sun cika sun bar sauran. Abin da za ka yi wa atisaye ke nan a watan da ke tafe. Lichess ta kasa matsalolin atisayenta bisa jigo, akwai na ɗauri, akwai na hari biyu, akwai na kawar da mai tsaro, sai ka zaɓi wanda ya dace da layinka ka riƙa yin kaɗan kullum.

Sannan ka zana matsayi mafi muhimmanci na wasan a wata 'yar takarda, ka rubuta amsar a bayanta, ka ajiye. Bayan sati guda ka jera shi a allo, ka ba kanka minti 5 a agogo. Idan kana da abokin da zai yarda, ku buga daga wannan matsayin, ku yi musayar gefe. Asabar da ta biyo baya ɗalibin da dattijon sun jera daga 9...Bg4 sun buga sau uku. Ɗalibin ya gwada 10.c3 sau biyu, 10.Nhg1 sau ɗaya, kuma duka ukun sun rubuta su, da lokacin agogo a gefe.